Ciwon Ƙoda a Gashuwa da Nguru: Jami'a Ta Sauko Bakin Kogi

A Gashuwa, da zarar ƙafafun magidanci sun kumbura, fuska ta tasa da safe, fitsari ya ragu, iyalinsa kan san inda aka dosa tun likita bai yi magana ba. Sai a shiga lissafin abin sayarwa: akuya, buhun shinkafa, wani lokaci har gonar fadama, domin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ba ya jiran kaka. Shekara da shekaru ke nan wannan ciwo yana cin mutane a Bade, Jakusko, Karasuwa da Nguru, yankunan da rayuwarsu ta rataya a kan kogin Kumadugu Yobe da dausayin Hadeja-Nguru.

Mun yaba da yadda Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu ta sa hannu. Cibiyarta ta bincike, BioRTC, wadda masanin ƙwaƙwalwa Mahmoud Bukar Maina na Jami'ar Sussex ya jagoranci kafawa a 2021, ta ɗauki gano musabbabin ciwon da muhimmanci, gwamnatin jihar ƙarƙashin Mai Mala Buni kuma ta mara mata baya. Aikin yana buƙatar haƙuri. A Siri Lanka da Amurka ta Tsakiya ma manoma suna fama da ciwon ƙoda mai ɓoyayyen tushe, masana suna ta bin sawun zafin rana, ƙishirwa, magungunan feshi da ruwan sha.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa, ko ya bari aka ɗebi ruwan rijiyarsa, yana da haƙƙin jin sakamako a garinsu, da Hausa, Badanci, Manganci ko Fulatanci, a fadar Mai Bade, a masallacin Juma'a da gidan rediyo.

Muna kira ga Kwalejin Likitanci ta jami'ar da ta riƙa tura ɗalibanta su yi watanni a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru da asibitin Gashuwa, su fita ƙauyuka ranar kasuwa suna awon hawan jini, suga da fitsari. Gwaji mai araha kan tona ciwon tun ƙoda ba ta gaza ba. Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da aka kafa a 2013, ya kamata ta karɓi aikin awon ruwa da ƙasa. Masunta, manoma, ungozomomi da masu kemis su samu kujera a kwamitin da ke tsara binciken, domin su ne suka san abin da ake sha da abin da ake haɗiya in jiki ya yi tsami.

Ɗalibin da ya taɓa danna kumburarriyar ƙafa a Gashuwa, ya ga yatsansa ya bar rami, zai san dalilin da ya sa jihar ta koyar da shi, kuma zai fi saurin amsawa ranar da aka turo shi aiki nan.