Taswirar Da Ba Ta Iya Kwatance Ba



Duk sanda ɗan sahu ya kasa bin taswirar waya, sai a ce rashin boko ne. Mu ba mu yarda ba. Mutumin da ya san Kano tun daga Ƙofar Ruwa har Na'ibawa kamar yunwar cikinsa ba shi ne ya gaza ba. Manhajar ce ba ta iya kwatance ba.

Ku duba yadda muke kwatance: "In ka wuce masallacin Juma'a, ka sha kwanar dama, gida na uku bayan mai shayi." Ita kuwa sai ta ce da Turanci ka juya bayan mita 300, ta kira sunan titin da mazauna cikinsa ma ba su san shi da shi ba. Wa zai auna mita a kan babur, rana na dukan fuskar waya, ga rubutu ƙanana kamar ƙwan sauro?

Kada a ce mana gyaran ba zai yiwu ba. Tun 2009 Google Maps ya fara yi wa mutanen Indiya kwatance da alamomin gefen hanya, irin su gidan mai da kasuwa. A 2019 ya kawo wa Najeriya hanyar masu babur da murya mai karin harshen 'yan ƙasa, amma da Turanci. Abin da muke nema kaɗan ne: murya da Hausa, alama kafin mita, manyan haruffa, da taswirar da ba ta mutuwa in data ta ƙare.

To, wa zai samar da kalmomin? Injiniya ya iya lissafin hanya, amma bambancin kwana da shataletale, da na lungu da layi, aikin masu alƙalami ne. OpenStreetMap, wadda aka kafa a Ingila a 2004, kowa na iya sa suna a cikinta kyauta. Muddin muka naɗe hannu, baƙo ne zai raɗa wa unguwanninmu suna, Ɗan Agundi ta zama Dan Agundi, jikokinmu su gaji kuskuren.

A wannan makon kowa ya sa lungunsu da makarantar allon unguwarsu a taswira, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suka dace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya sa mu dace.