Martani: Ba Bature ne ya kashe audugar Funtua ba

Malam, na karanta rubutunka inda ka ɗora wa mulkin mallaka laifin durƙushewar auduga a Funtua da Malumfashi. Sam ban yarda ba. Fotugal ta mallaki Birazil sama da shekara 300, har 1822. Duk da haka, Birazil ta kafa cibiyar binciken noma ta Embrapa a 1973, ta zuba mata kuɗi, a 2024 kuma ta zarce Amurka wajen fitar da auduga. Cibiyarmu ta Samaru ta girmi Embrapa nesa ba kusa ba. Wa ya bar ta da yunwa? Wa ya rushe hukumar auduga a 1986? Tambayi manomin Malumfashi da ya koma masara da waken suya, ka ji ko Bature zai ambata.