Ruwan Boti Ya Cancanci Ado, Ruwan Gotar Nima Yana Bukatar Shaida

Da zarar damina ta kankama a watan Yuni, matasanmu na Nima da Maamobi da Malam sukan haɗa kuɗin mota su nufi Boti, kusa da Koforidua, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse ta wuri biyu, mutanen wurin suna kiran ɗaya namiji ɗaya mace. Masu ƙarfin aljihu sukan zarce har Wli, kusa da Hohoe a jihar Volta, matsirgar da ta fi kowace tsawo a Ghana. Kafin su dawo gida hotunansu sun riga su isowa. Wanda ya duba zai ga ruwan ya zama fari fat, sumul, kamar an kwance sabon rawani an saki daga saman dutse, babu ɗigo ko ɗaya da ya fita daban. Mun ga hotunan, mun yaba, kuma muna da magana a kansu.

Ga wanda bai sani ba, babu siddabaru a cikin wannan aiki. Kowace kyamara tana da ɗan ƙyaure da yake buɗewa haske ya shiga, sannan ya rufe. Idan ya buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa, ruwa yakan tsaya cak, a ga kowane ɗigo a rataye a iska. Idan kuwa aka bar shi a buɗe na rabin daƙiƙa, ko daƙiƙa 1 zuwa 2, ruwan da ya wuce a wannan tsakani yakan haɗu ya zama zare ɗaya mai laushi. Sai dai sharuɗɗansa uku ne. Dole kyamara ta zauna a kan abin ɗora ta mai ƙafa uku, ko a kan dutse, domin hannun ɗan Adam ba ya rabuwa da rawa. Dole a rage haske, a saukar da ISO zuwa 100, a tsuke idon kyamara zuwa f/11 ko f/16, in rana ta take kuma a ɗaura mata baƙin gilashi kamar tabarau. Na uku, a sa mata lokaci ta ɗauka da kanta, kada yatsa ya girgiza ta. Shi ya sa gwanaye suke sammako, ko su jira hadari ya rufe rana. Yanzu har wayoyin hannu da yawa suna iya yin haka.

Muna murna da yaranmu sun koyi wannan sana'a. Tana koya wa mutum haƙuri da natsuwa da lura da haske, tana fitar da yaro daga lungu ya ga ƙasar da aka haife shi a cikinta. Abin da kawai za mu tunatar shi ne bakin matsirga ba wurin sakaci ba ne. A watan Maris na 2017 wata babbar bishiya ta faɗo lokacin guguwa a matsirgar Kintampo, ta hallaka kusan mutum 20, yawancinsu ɗaliban sakandare. Idan hadari ya haɗo, a naɗe kaya a hau tudu.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ya faru ne a zauren dattijon da muke yi wa magatakarda. Wani yaro mai hazaƙa ya kawo masa hoto a waya. Ruwa ne yake kwarara tsakanin bangaye biyu da asuba, fari kamar madara, hasken sama ya kwanta a kansa. Dattijo ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗana, wace ƙasa ce wannan?" Yaro ya yi murmushi ya ce, "Allah ya ja da ranka, gotar bayan gidanka ce." Kowa ya yi dariya. Dattijo bai yi ba. Ya tambaya, "To ina ledojin?"

Ledojin suna nan lokacin da aka ɗauki hoton. Ledar ruwan sha, robobin lemo, tsummokara, duk suna tafiya a kan ruwan. Sai dai ƙyauren ya daɗe a buɗe, kuma ɗabi'ar wannan dabara ita ce ta riƙe abin da ya tsaya, ta shafe abin da ke motsi. An san haka tun farkon ɗaukar hoto. A wajejen 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani babban titi a birnin Paris, Boulevard du Temple, ya bar ƙyauren a buɗe na mintoci. Titin cike yake da mutane da keken doki, amma a hoton ya fito wayam. Waɗanda suka rage su ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, da mai goge masa. Duk mai tafiya ya ɓace.

A Boti wannan ɓacewa ba ta cutar da kowa, domin abin da aka shafe ɗigon ruwa ne. A gotar da ta raba Nima da Maamobi kuwa, abin da aka shafe shi ne ainihin matsalar. Ruwan nan yana gangarawa ta Asylum Down ya faɗa Odaw, Odaw ya kai shi Korle, daga nan sai teku, kuma duk abin da muka zuba masa yana tafiya da shi har ya sami inda zai maƙale. Ba mu manta daren 3 ga Yuni, 2015 ba, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Kwame Nkrumah Circle, fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Mutanenmu na Malam ma sun san cewa farin ruwan da ke tsirgowa idan an buɗe ƙofofin madatsar Weija, mai kyau a hoto, shi ne yake shiga ɗakunan mutanen Tetegu.

Mu da aikinmu shi ne rubuta takardun koke, mun san darajar hoto. Takarda shafi uku takan kwana a cikin fayil, amma hoto ɗaya da ya nuna inda ruwa ya kai a jikin bango yakan sa jami'i ya gyara zama. Gani ya kori ji. Tun 2019 gwamnati da Bankin Duniya suka fara shirin gyaran magudanan Odaw, kuma Nima tana cikin unguwannin da shirin ya shafa. Duk inda ake zaman irin wannan, wanda ya zo da shaida shi ake saurara. Idan abin da ke yawo a Facebook game da gotarmu madara ce mai kwarara, da wane baki za mu ce tana kashe mana barci?

Matasan suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Sun ce sun gaji da baƙi masu zuwa da kyamara su nufi bola kai tsaye, kamar Zango ba shi da komai sai datti. Suna so duniya ta ga unguwarsu da kyau. Mun yarda da su. Amma kyawun Zango ba ya bukatar a ɓoye leda kafin a gan shi. Yana nan a kasuwar Nima ranar Laraba, a wurin masu waakye da fura, a makarantun allo da safe, a dawakan hawan Sallah. Wanda ya ɗauki waɗannan ya ƙawata mu da gaskiya. Wanda ya wanke gota da kyamara ya bar ta da dattinta ya faranta wa baƙo rai, ya bar maƙwabcinsa da sauro.

Saboda haka roƙonmu ga masu kyamara guda ne. Duk wanda ya tsaya a kan gada zai ɗauki ruwan gota, ya ɗauki hoto biyu daga wuri ɗaya: ɗaya da gaggawar ƙyaure, ɗaya da jinkirinsa, ya ɗora su tare, ya rubuta rana da wurin. Na farko zai nuna abin da ruwa ke ɗauke da shi. Na biyu ma yana da amfanin da ba a lura da shi ba: tunda yana riƙe abin da ya tsaya, duk tarkacen da ya fito tangaran a cikinsa shi ne wanda ya maƙale, wato nan ne bakin toshewa, nan ya kamata shebur ya fara sauka. A riƙa komawa wurin nan kowace damina, a sa alama a bango, a kawo kwafi zauren shugabannin unguwa a adana. Kada kuma kowa ya sauka cikin gota ana ruwa domin neman hoto.

Yaron nan ya koma gadar bayan kwana biyu, ya kawo hotuna biyu kamar yadda dattijo ya nema. Su ne muka liƙa a takardar da muka rubuta a makon nan. Na Boti kuwa, ya wanko babba, yana rataye a zaure.