Hunturu da makullin mota: ciwon Turai daban, na Adar daban

Daga watan Nuwamba zuwa na Fabrairu, sa'ad da iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, masu motoci na ƙasar Adar sukan gamu da wata ƴar matsala wadda ba a cika kawo ta cikin zance ba sai ranar da ta tsai da mutum: mabuɗi ya shiga ƙofar mota da asuba, ya ƙi juyawa. A birnin Tawa abin yakan tsaya ga ɓata lokaci, tun da yake akwai makanikai da masu yanka mabuɗi kusa. A Tebaram kuwa, ko Takanamat, ko wani gari na arewacin Adar mai nisa da gareji, mabuɗin da ya karye cikin ƙofa yana iya sa ɗan kasuwa ya rasa kasuwar Lahadi ta Tawa, ko motar asibiti ta kasa tashi da mai naƙuda.

Da yawa daga cikin direbobi sukan ce sanyi ne ya kama makullin. Maganar ta samo asali daga Turai, inda mafi yawan motocin nan sunka fito, kuma a can gaskiya ce. Amma kama da wane ba wane ba ne. Ciwon da ke kama makulli a Turai ruwa ne, wanda ke kama shi a Adar ƙura ce, kuma maganin ɗaya yana iya zama dafi ga ɗayan.

Sai an san cikin makulli kafin a gane haka. A bayan ƴar kafar da ake sa mabuɗi akwai wani ɗan bututun ƙarfe mai juyawa, cikinsa an jera wasu siraran faranta na tagulla, kowane da ƴar naɗaɗɗiyar waya mai tura shi waje. Haƙoran mabuɗi su ne ke jawo farantan nan su daidaita, sa'an nan bututun ya sami hanyar juyawa. Faranti ɗaya tak in ya maƙale, ƙofa ba ta buɗuwa. A bakin kafar kuma akwai ɗan marufi mai komawa da kansa, aikinsa shi ne tare ruwa da datti.

A ƙasashen sanyi irin su Jamus da Beljiyam da Kanada, ruwan sama ko na wankin mota yakan kwana cikin makulli. In sanyi ya kai digiri sifiri sai ya daskare, ya kumbura da wajen kashi 9 cikin 100, ya riƙe farantan gam. Mutanen can suna da dabarunsu. Sukan ɗiga wani ruwa mai alkol cikin kafar, domin tsantsar alkol ba ta daskarewa sai sanyi ya wuce digiri 100 ƙasa da sifiri, kuma tana narkar da ƙanƙara. A da sukan ɗumama mabuɗi da wuta su tura shi a hankali. Robar bakin ƙofa kuma sukan shafe ta da silikon don kada ta manne da jikin mota. Ɗan kasuwan da ya tafi sayen mota Turai cikin ɗari, ko ma'aikacin da anka aika ƙaro ilimi, ya kamata ya riƙe abu biyu: ruwan narkar da ƙanƙara a aljihu ake ajiye shi, ba cikin motar da ta ƙi buɗuwa ba, kuma ba a kwara ruwan zafi ga ƙofa, domin yana iya tsaga gilashi, ya kuma sake daskarewa fiye da da.

A Nijar irin wannan sanyi sai can cikin Sahara da tsaunukan Ayar. A Bilma, cikin watan Janairu na 1995, ma'aunin zafi ya sauka fiye da digiri 2 ƙasa da sifiri. Amma a Tawa daren Janairu yawanci yana kewayen digiri 15 ne. Sanyi ne mai fasa leɓe da dugadugai, mai sa a kwana da wuta a ɗaki, amma bai isa ya daskarar da ruwa ba. Saboda haka direban da ya ƙyasta ashana yana gasa mabuɗi a tashar Tebaram ba shi da ƙanƙarar da zai narkar.

Abin da hunturu ke kawowa shi ne buji. Iskar tana ɗebo laushin ƙasa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Cadi, wanda busasshen gindin wani tsohon tabki ne, ta haɗa da rairayin ƙasar Adar kanta. Wannan ƙura ta fi gari laushi, babu kafar da ba ta shiga, balle wadda marufinta ya karye. Ƙura busasshiya ita kaɗai ba ta cika yin ɓarna ba, ana iya hure ta. Ɓarna tana farawa ne ranar da yaron mota, da kyakkyawar niyya, ya ɗiga baƙin mai ko man birki ko man gyaɗa cikin kafar. Kwana biyu mabuɗi zai riƙa juyawa sumul. Daga nan mai ya kama ƙura, su cuɗe su zama laka, sanyin asuba kuma ya ƙara mata kauri. Ƙwayar rairayi ta fi tagulla tauri, don haka kowace juyawa tana goge farantan da haƙoran mabuɗi kamar dutsen wasa wuƙa. Masu wankin mota da ke fesa ruwa kai tsaye ga kafar su ma suna ƙara wa ciwon ƙarfi.

Akwai kuma gadon da motar ta taso da shi daga gidan farko. Cikin shekarun 1980 Turawa matasa sukan koro tsofaffin Peugeot 504 su ratso Sahara ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit, su sayar da su a Agadas da Tawa da sauran garuruwa. Tawayen arewacin Nijar da rikicin Aljeriya na farkon shekarun 1990 sunka kashe wannan hanya, ciniki ya koma tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome, inda ake sauke motocin da dillalan unguwar Heyvaert ta birnin Burusal da ire-irensu ke turowa. Motar da ta yi shekara 10 ko 15 a can ta sha gishirin da ake watsawa bisa hanyoyi kowane ɗari don narkar da ƙanƙara, kuma gishiri uban tsatsa ne. Bugu da ƙari, mai ita na farko da maɓalli yake buɗe ta daga nesa, watakila bai taɓa sa mabuɗi cikin ƙofa ba. Makullin ya daɗe da sanƙarewa, babu wanda ya sani.

Asirin yana tonuwa ne cikin hunturu. Zafin bazara shi ne ke cinye batir, sanyin ɗari kuma ya fallasa rauninsa. Wata safiya batirin mota, ko ƙaramin batirin da ke cikin mabuɗin, sai ya kasa. A danna maɓalli, shiru. Ranar ce mai mota zai fara neman kafar makulli, ya tarar tsatsar Turai da ƙurar Adar sun haɗu sun toshe ta.

Mabuɗin zamani kuma ba ƙarfe ba ne zalla. Tun daga 1998 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motoci na'urar hana sata: cikin kan mabuɗin akwai wata ƴar ƙwaya wadda in kwamfutar mota ba ta gane ta ba, inji ba ya tashi. Wanda ya gasa irin wannan mabuɗi da wuta, ko ya buga kansa da dutse, yana iya kashe ƙwayar. Mai yanka mabuɗi na kasuwa zai iya fitar da haƙora, ƙofa ta buɗe, amma mota ta ƙi tashi sai an samo mai na'urar da ke haɗa sabon mabuɗi da ita, kuma ba kowane gari ke da shi ba. Kayan gyara ba su taɓa yin araha ba tun karyewar darajar sefa cikin Janairu na 1994, lokacin da faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, wanda ya sa kaya sunka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, ya ƙara musu nisa da tsada.

To, me ya kamata a yi ranar da mabuɗi ya ƙi juyawa? Na farko, a cire ƙarfi. Kada a kama shi da awartaki, kada a sa ƙusa cikin huda don a sami abin murɗawa. A gwada ƙofar ɗaya gefen ko ta baya in suna da kafa. A danna ƙofar ciki da gwiwa sa'ad da ake juyawa, domin wani lokaci nauyin ƙofa ne ya danne sakata. In abin ya ƙi, a hure kafar da famfon taya, a sa mabuɗi a fitar sau da dama, ana goge shi da tsumma mai tsabta kowane karo. In tsumman ya fito da baƙin danƙo, alama ce an taɓa sa mai. Sai a wanke cikin da alkol na kantin magani, a sake hurewa, a bari ya bushe. Bayan ya bushe sarai ne ake sa abin sulɓi, kuma wanda ya dace da ƙasar ƙura shi ne busasshe: garin baƙin cikin fensir, a goga shi ga haƙoran mabuɗi, a shigar a fitar. Ba a haɗa shi da mai, domin haɗin ma laka ne. Ruwan fesawa irin WD-40, wanda anka yi don korar ruwa, yana sassauta tsatsa, amma yakan bar danshi. In an yi aiki da shi, a hure sauransa.

In mabuɗi ya riga ya karye ciki, kada a tura ragowar a bayansa da nufin juyawa, kada kuma a sa gam don a manne su; wanda ya yi haka ya kashe makullin gaba ɗaya. Guntun yakan fito da hantsaki ko da siririn ƙarfe mai ƙugiya in hannu mai haƙuri ya same shi. Sauri ya haifi nawa.

Rigakafin bai fi ƙarfin kowa ba. Mai sayen mota, a Lome ko Yamai ko Tawa, ya juya mabuɗi cikin kowace kafa kafin ya biya, ya kuma nemi na biyu. A yanke na ajiya daga na asali tun haƙoransa ba su cinye ba, a riƙe shi a jiki in za a yi tafiya mai nisa. Mai buɗe mota da maɓalli ya riƙa sa mabuɗi da hannu ko sau ɗaya a mako. Kafar da marufinta ya karye a liƙe ta da ɗan salatif har a gyara. Da dare a ajiye mota cikin gida ko bayan katanga, ƙofar direba tana bai wa iska baya. Batirin da ya fara jan ƙafa cikin Oktoba a canza shi kafin Disamba.

Maganar ta fi nauyi ga motocin ma'aikata. Motar ɗan kasuwa tana da mai jin zafinta. Ta gwamnati kuwa direbobi da dama ne ke karɓar ta hannu da hannu, sau da yawa da mabuɗi guda, kowa yana barin gyara ga na bayansa. Shugaban ma'aikata da ke sa hannu ga takardar mai da ta taya, ba zai gagare shi ba ya sa a duba makullai da batir a farkon hunturu, a kuma ajiye mabuɗi na biyu inda mai gadin dare ya sani. Motar ɗaukar marasa lafiya da ke jiran kira da tsakar dare, tsakaninta da babban asibitin Tawa akwai tafiya. Bai kamata a ƙara mata da ta neman wanda zai fasa gilashi ba.

Allah Ya sa a ga bayan hunturu lafiya.