Tsohon fim ɗin tsoro mai araha ya fi shiga jikina

Abokaina a nan Agege dariya suke min, wai ina kashe dare a kan tsofaffin finafinan tsoro na Kudu, su kuwa sai na Amurka.

Ban musa ba, hoton dishi-dishi ne, fatalwar ma mace ce aka shafa wa hoda. Amma ni dodon Bature bai taɓa hana ni barci ba, don ban san unguwar da yake fitowa ba.

Ku duba Living in Bondage na 1992. Kenneth Nnebue, ɗan kasuwa irin iyayenmu, shi ya zuba kuɗi aka yi shi da yaren Ibo a kaset ɗin bidiyo. Andy ya gaji da talauci, ya shiga ƙungiyar asiri, ya ba da matarsa Merit. Kuɗi suka zo, fatalwarta kuma ta hana shi sakat. To wa ya tashi a kasuwa bai ji ana nuna wani da baki ana cewa dukiyarsa ba ta Allah da Annabi ba ce? Da idona na ga irin wannan zance ya kori masu ciniki daga rumfar wani maƙwabcin Baba, alhali bawan Allah goro kawai ya saro da araha, kasuwa ta yi masa kyau. Da ina kallon fim ɗin, shi nake tunawa.

A 2019 an fitar da ci gaban labarin da kayan aiki masu tsada. Na kalla, ya yi kyau, na kwanta na yi barcina. Na 1992 kuwa, wallahi har yau ba na kunna shi in ni kaɗai ne a shago.