Alat ɗin NELFUND Ya Shigo: To, Me Kake Saya Da Bashin Da Ka Ci?

Ranar da dubu ashirin ɗin nan ta faɗo, ba sai an gaya maka ba. Tun kafin azahar guruf ɗin WhatsApp na aji ya cika da hoton alat, layin mai POS ya yi tsawo, mai shayin bakin hostel yana ta fasa ƙwai. Waɗanda suka kwana uku a kan garau-garau sun koma shinkafa da miya, har da tsokar nama ɗaya. Wanda nasa bai shigo ba kuma yana ta bin mutane da tambaya, "Don Allah kai wane banki ne naka?"

Ban zo in ɓata maka wannan farin ciki ba, ni ma cikin layin nake. Amma akwai abin da ke damuna. Da yawanmu muna kiran kuɗin nan "tallafi", wasu ma "rabonmu na arzikin ƙasa" suke cewa. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, bashi ne. Da sunanka aka rubuta shi, da lambar NIN da BVN ɗinka. Kuma daga ranar da ka karɓa, matsayinka a jami'a ya sauya ko ba ka lura ba: kai ne kake biyan kuɗin karatunka, da albashin da ba ka fara ɗauka ba. Wanda ya biya kuwa yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka sayar masa.

Yadda muka zo nan

A takarda, har gobe jami'o'in gwamnatin tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa. Fadar shugaban ƙasa ta sake jaddada hakan a watan Yulin 2023. Abin da muke biya ana kiransa da wasu sunaye: kuɗin rajista, na jarrabawa, na laburare, na asibiti, na wasanni, na intanet, na ɗakin gwaje-gwaje. Sunan ne ya bambanta, amma aljihun da yake fitowa ɗaya ne.

A 2023 ne waɗannan kuɗaɗe suka yi tsalle. Jami'ar Legas, alal misali, ta sanar da ƙarin da ya ɗaga abin da wasu ɗalibai ke biya daga kusan naira 19,000 zuwa sama da 190,000, sai da aka yi zanga-zanga sannan ta ɗan rage. Jami'o'i da dama a Arewa su ma sun ninka nasu. Cikin wannan shekarar ne, ranar 29 ga Mayu, Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta taɓa naira 1,000. Kuɗin mota daga gida zuwa makaranta, kuɗin adaidaita, kwanon abinci, hoton handawut, komai ya bi sahu.

Don a yi adalci, hukumomin jami'a ba don mugunta kawai suka ƙara kuɗi ba. A watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin wutar lantarki na rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa 225 a kowane yunit, kuma manyan jami'o'i da yawa a wannan rukuni suke. Ga dizal na janareta, ga ruwa, ga masu shara da masu gadi. Gine-ginen da kake gani da tambarin TETFund, asusun ya gina su ne ya miƙa, amma kuɗin wutar da za a riƙa kunnawa a ciki duk wata yana wuyan makaranta. Gwamnati ta bar jami'o'i da ɗawainiyar da kuɗin da take ba su bai isa ba, su kuma suka juyo kan ɗalibi. Da ɗalibi ya kasa, sai aka ce masa ga bashi.

An sa hannu a dokar farko ta bashin ɗalibai a watan Yunin 2023, amma sharuɗɗanta sun yi tsauri: sai kuɗin shigar gidanku bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ka kawo masu tsaya maka mutum biyu. Aka soke ta, aka sa hannu a sabuwa a watan Afrilun 2024 wadda ta cire waɗannan sharuɗɗa, aka buɗe shafin nema a watan Mayun shekarar. Tsarin yanzu shi ne: kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye zuwa asusun makarantarku, naira 20,000 ta kashewa kuma tana shigowa asusunka duk wata. Babu kuɗin ruwa a kai, abin da ya kwantar wa da yawanmu hankali ta fuskar addini. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, ko na ribar sana'a ga mai zaman kansa.

Mu ɗan yi lissafi

Ɗauko kalkuleta, misali ne kawai. A ce kuɗin makarantarku naira 100,000 ne a shekara, kana kuma karɓar 20,000 na wata 10 a kowace shekara. Shekara ɗaya 300,000 ke nan, shekara huɗu miliyan 1 da dubu 200. Idan ka fara aiki a kan mafi ƙarancin albashi na 70,000, za a riƙa cire 7,000 duk wata, sai ka haura shekara 14 kana biya. Idan Allah Ya ba ka aikin 150,000, cirewar 15,000 ce, shekara 6 da wata 8. Gaskiya ne tunda babu ruwa a kai, hauhawar farashi za ta rage masa nauyi da tafiyar lokaci. Duk da haka, a shekarun da za ka so haɗa lefe, ko kama haya, ko taimakon ƙannenka, a nan ne za a riƙa yankar wannan kaso. Bashi da daɗin ci, da wuyar biya.

Ban kawo lissafin don in ce kada ka karɓa ba. Na san waɗanda ba don bashin nan ba da tuni sun ajiye karatu sun koma kasuwa, ko an ce su zauna a gida su jira miji. Na kawo shi ne don ka ga cewa duk lakcar da aka fasa ba dalili, duk sakamakon jarrabawar da ya ɓace, duk shekarar da aka ƙara maka ba da laifinka ba, yanzu suna da farashi, kuma a kanka za a rubuta.

Abin da muke samu a madadin kuɗin

Ka duba makonka na karatu. Lakca nawa aka sa a jadawali, nawa aka yi? Akwai kwas ɗin da muka yi wanda malamin bai shigo ba sai ana saura mako uku jarrabawa, ya haɗa mu ranar Asabar da Lahadi ya zuba mana karatun semista guda kamar ana ɗura wa jarka ruwa. Mu da ke karantar aikin jarida, an karɓi kuɗin sutudiyo a wurinmu, amma sau nawa hannunmu ya taɓa kyamara? Tambayi na sashen kimiyya mutum nawa ke taruwa a kan na'urar gwaji ɗaya. Tambayi 'yan hostel ɗaki na mutum huɗu mutum nawa ke kwana a ciki, da ƙarfe nawa ake tashi neman ruwa. Tambayi wanda aka ce takardar jarrabawarsa ta ɓata, aka maƙala masa kariyoba, ya dawo shekara guda saboda kwas ɗaya.

Ba duka malamai ba ne, kuma ba laifinsu kaɗai ba ne. Akwai malamin da ke koyar da ɗaruruwan ɗalibai shi kaɗai, ya yi makin ɗin takardunsu da fitilar waya, a kan albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata. Rikicin ƙungiyar ASUU da gwamnati a kan yarjejeniyar 2009 shi ya rufe jami'o'i kusan wata 9 a 2020, ya sake rufe su wata 8 a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Burbushin wannan ne ya sa aka riƙa matse semista don a cike giɓi. Amma ka lura da abu ɗaya: malamai suna da ƙungiyar da ke zama da gwamnati, ma'aikatan da ba sa koyarwa suna da nasu, hukumar makaranta tana da majalisarta. Wanda ake ci wa bashi don a riƙe tsarin, shi ne ba a jin muryarsa a teburin.

Ina muryar ɗalibai ta shiga?

A 1978, ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai na rana ya tayar da zanga-zangar da ake kira "Ali Must Go", da sunan kwamishinan ilimi na lokacin, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Ba ina kiran a koma wannan ba, jinin ɗalibi ɗaya ya fi kowane ƙarin kuɗi tsada. Abin lura shi ne a lokacin ɗalibai suna da wakilan da ake tsoron a yanke hukunci ba da saninsu ba.

Yau fa? Zaɓen SUG ya koma wa ya fi fosta, wa ya raba kati da lemo, wa ya fito daga jiharmu. Da an rantsar da kwamared sai ka gan shi da babbar riga yana kai wa 'yan siyasa lambar yabo. Mu kuma da muka ƙi fita zaɓen, sai mu koma Facebook da TikTok mu yi barkwanci da wahalarmu, a yi dariya, a wuce. Bidiyon famfon da ba ruwa yana iya samun kallo dubbai, amma idan ba wanda ya kai takarda ofishin shugaban harkokin ɗalibai, famfon yana nan yadda yake.

Hatta bashin kansa yana buƙatar sa ido. A 2025 hukumar wayar da kan jama'a ta ƙasa, NOA, ta yi ƙorafin cewa wasu makarantu suna karɓar kuɗin ɗalibai daga NELFUND ba tare da sun sanar da su ba, har hukumar ICPC ta shiga bincike. Ma'ana kana iya biyan rajista da kuɗin da mahaifinka ya sayar da akuya ya turo, alhali an riga an biya maka, kuma bashin yana kanka.

Abin da za ka iya yi daga wannan makon

Na farko, ka riƙe lissafinka. Shiga shafinka na NELFUND ka ga nawa aka amince, nawa aka tura wa makaranta, ka gwada da rasit ɗin rajistarka. Ka ajiye hoton komai a imel, kada ka dogara da waya kaɗai. Idan ka riga ka biya da kuɗinka kafin nasu ya iso, ka rubuta takardar neman a mayar maka, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Idan kuma kuɗin makaranta kawai kake buƙata, ba dole ne ka nemi na kashewa ba.

Na biyu, ku sa wakilin ajinku ya riƙa rubuta lakcar da aka yi da wadda ba a yi ba, da kwanan wata. Ƙorafin baki ana musanta shi, rubutacce kuwa da sa hannun mutum hamsin, shugaban sashe ba zai iya ture shi gefe ba. Ku je da ladabi, a ƙungiyance, kada a bar mutum ɗaya a gaba a gane fuskarsa.

Na uku, ku nemi a fayyace kuɗin. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukumar gwamnati, kuma ta ce a ba da amsa cikin kwana 7. Ƙungiyar ɗalibai tana iya tambayar nawa aka tara na asibiti ko na intanet a bara, kuma me aka yi da shi. Wannan ba rashin kunya ba ne, doka ce.

Na huɗu, idan zaɓen SUG ko na ƙungiyar sashe ya zo, ka fita. Ka tambayi ɗan takara abu ɗaya: idan za a ƙara kuɗi baɗi, me zai yi kafin a sanar, ba bayan an sanar ba?

Na ƙarshe kuma ya koma kanka. Ba zai yiwu ka tuhumi malamin da bai zo ba alhali kai ma kana kwance a ɗaki kana sa aboki ya rubuta sunanka a takardar halarta. Lakcar ƙarfe takwas da ka yi barci ka bari, ka riga ka biya kuɗinta, kuma za a cire a albashinka wata rana.

Idan alat na gaba ya shigo, ka ci ƙwanka da shayi, halal ɗinka ne. Amma kafin ka tura hoton a guruf, ka buɗe littafi ka rubuta adadin da kwanan watan a ƙarƙashin na watan jiya.