Kafin a sayi maganin maza, a fara auna jini

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tasha, ko ya ratsa kasuwa ranar cinta, ya san muryar. Ƙaramar mota ce an ɗora mata lasifika, mai magani yana jero cututtuka: ciwon baya, kasala, basir, sanyi. Sai can ya sassauta murya ya zo kan abin da ya tara jama'ar, wato raunin da namiji ba ya iya faɗa wa ko da amininsa. Masu saye ba sa tsayawa ciniki. Su miƙa kuɗi, su cusa kwalba a aljihu, su wuce ba waiwaye. A 'yan shekarun nan cinikin ya koma cikin wayar hannu, ya kuma sami sabuwar kalma, testosteron. Yanzu magidanci zai ga ɗan gajeren bidiyo a Facebook ko TikTok an lissafa masa alamomi goma, ya ga bakwai sun dace da shi, kafin magariba ya yanke wa kansa hukunci cewa sinadarinsa na maza ya ƙare.

Ra'ayina shi ne, ƙarancin testosteron cuta ce ta gaske, tana kuma da magani, amma ba cutar da mutum zai gane ta a madubi ko a jerin alamomi ba ce. Alamomin dalili ne na zuwa a auna jini. Wanda ya mayar da su dalilin sayen allura ko tsimi, yakan yi asarar kuɗi, wani lokaci har da abin da ya fi kuɗi.

Testosteron sinadari ne da 'ya'yan maraina ke samarwa, bisa umarnin wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira fituwitari. Shi ne ke buɗe muryar yaro lokacin balaga, ya fito masa da gemu, ya faɗaɗa kafaɗunsa. Bayan balaga ma aikinsa bai ƙare ba: yana riƙe sha'awa, yana taimakawa wajen samar da ƙwayoyin haihuwa a cikin maniyyi, yana kare tsoka da ƙashi, yana kuma zuga ɓargo ya yi jini. Daga wajen shekara 30 zuwa 40 yakan fara raguwa a hankali, kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara. Wannan raguwa tafiyar shekaru ce kawai, kuma yawancin maza sukan kai tsufa da abin da ya ishe su.

Alamomin ba darajarsu ɗaya ba, kuma a nan masu talla ke ruɗa mutane. Akwai waɗanda suka fi nuni kai tsaye. Ta farko ita ce mutuwar sha'awa, ba don saɓani da iyali ko gajiyar kwana biyu ba, a'a, mutum ya wayi gari tunanin abin ma ba ya zo masa, wata da watanni. Ta biyu ita ce ɗaukewar miƙewar gaba da namiji mai lafiya kan farka da ita da asuba. Ta uku raunin gaba lokacin kusantar iyali. A shekarar 2010 an buga sakamakon wani babban bincike da aka yi kan maza 3,369 masu shekara 40 zuwa 79 a cibiyoyi takwas na Turai. Cikin tarin koke-koken da aka tambaye su, waɗannan ukun ne suka fi tafiya tare da ƙarancin sinadarin a jini. Da aka haɗa sharuɗɗan biyu, wato alamomin uku da kuma ƙarancin da gwaji ya tabbatar, kimanin mutum 2 ne kacal cikin 100 suka cika su. A gwada wannan adadi da yawan mazan da ke layi a gaban mai lasifika.

Akwai kuma alamomin da ido ke gani, waɗanda sau da yawa uwargida kan riga maigida lura da su. Wanda ya saba zuwa wurin wanzami kowane mako sai ya ga gemun ya daina saurin tsirowa, gashin hamata da na mara sun yi sharɓa-sharɓa. Ƙirji ya ɗan taso kamar ƙirgar dangi, kan nono yana zafi in an taɓa. 'Ya'yan maraina su ƙanƙance, su yi laushi. Damtse ya saki, tumbi ya turo. In ƙarancin ya yi tsanani, zafi kan taso wa mutum farat ɗaya, gumi ya keto masa ko da a cikin sanyin hunturu, irin wanda mata kan ji lokacin ɗaukewar al'ada. Biyu kuma ba sa nuna kansu sai an bincika: ƙarancin jini wanda ba a san dalilinsa ba, da lalacewar ƙashi, har dattijo ya yi ɗan tuntuɓe a tsakar gida a ce ya karye a ƙugu.

Sauran su ne gajiya, kasala, saurin fushi, mantuwa, ƙuncin rai, da gyangyaɗi bayan cin abinci. Gaskiya ne mai ƙarancin testosteron yana fama da su. Amma wane magidanci ne ba ya fama da su? Mutumin da ya fita tun sassafe, ya dawo bayan isha'i, zafi da sauro suka hana shi barci, ga kuɗin makaranta ga cefane, ba ya bukatar wata cuta kafin ya gaji. A 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka sun taƙaita barcin wasu samari masu ƙoshin lafiya zuwa awa biyar a dare har mako guda, sai testosteron ɗinsu ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Wanda barci ne ya gaza masa, allura ba za ta biya masa bashin barcin ba.

Raunin gaba shi kaɗai, musamman in sha'awa tana nan daram, ya fi yawan zama matsalar jijiyoyin jini. Jijiyoyin da ke kai jini ga gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, saboda haka su ne kan fara toshewa idan ciwon suga, hawan jini, kitse a jini ko taba sigari suka fara ɓarna. Sau da yawa raunin kan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Magidancin da ya rufe wannan gargaɗi da kwalbar tasha ya kashe ƙararrawa ne alhali gobarar tana ci. Kwalbar kanta ba a san cikinta ba: hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil, wato sinadarin da ke cikin Viagra, an ɓoye shi a cikin zuma, shayi da tsimin da aka rubuta wa «na gargajiya zalla». Ga mai shan maganin ciwon ƙirji na dangin naitiret, haɗuwar biyun na iya faɗar da jini ƙasa warwas.

Sai batun basir, wanda a wurinmu ya zama jakar da ake zuba kowane ciwo. Ban raina wahalar mai basir ba, yana da zafi, yana zubar da jini, yana hana zama. Amma kumburin jijiyoyin dubura ne, ba shi da hanyar da zai bi ya rage sinadarin da maraina ke yi. Na fi jin takaicin shekarun da ake ɓatawa ana wankin ciki, alhali suga yana cin jijiyoyi a ɓoye.

Idan gwaji ya tabbatar da ƙarancin, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya jawo shi, domin galibi ɗan aike ne na wata cutar. Ƙiba na kan gaba, saboda kitsen tumbi yana juya testosteron ya koma sinadarin mata, kuma rage nauyi kan ɗaga shi ba tare da allura ba. Ciwon suga na biye. Akwai minshari mai tsanani wanda numfashi ke ɗaukewa a cikin barci, da ciwon ƙoda, da na hanta, da cuta mai karya garkuwar jiki, da yawan shan giya. Akwai hangum da ya kama namiji bayan balaga ya sauka a maraina, da bugu ko murɗewar maraina. Masu sikila kan yi jinkirin balaga, wasunsu kuma sinadarin kan yi musu ƙaranci har girma. Wasu an haife su ne da wata tawaya ta gado mai suna Klinefelter, wadda ke samun kusan namiji ɗaya cikin 600, kuma da yawa ba sa sani sai an yi aure haihuwa ta ƙi zuwa. Wani lokaci kuma ƙari ne ya fito a fituwitari, wanda kan zo da ciwon kai mai naci da raguwar gani ta gefen ido. Wannan ba ya jiran gobe.

Dalili guda ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya shafi samarinmu. Tiramadol da kodin, da duk danginsu, suna danne umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina. A watan Mayun 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana shigowa da kuma haɗa maganin tari mai kodin, bayan rahoton binciken da BBC ta fitar, amma ƙwayoyin ba su bar unguwanni ba. Abin baƙin cikin shi ne, saurayi kan fara shan tiramadol ne don ya jure aikin ƙarfi ko don ya daɗe a shimfiɗa, a ƙarshe maganin ya kashe masa sha'awar gaba ɗaya, shi kuma ya ƙara yawan abin da yake sha yana neman gyara.

Gwajin kansa yana da ƙa'ida, kuma rashin bin ta ya sa an manna wa mutane da yawa cutar da ba su da ita. Testosteron yana kai ƙololuwa da safe, ya sauka da yamma, cin abinci ma yana saukar da shi. Don haka ana ɗibar jinin ne da safe, tsakanin ƙarfe 7 zuwa 10, kafin a karya kumallo. Ba a yi lokacin da mutum ke kwance da zazzaɓin cizon sauro ko taifot, domin kowace rashin lafiya mai zafi tana danne shi na ɗan lokaci. Sakamako ɗaya kuma ba ya yanke hukunci, sai an maimaita a wata safiyar daban. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2018, ta ɗauki ƙasa da nanogiram 300 a kowace desilita a matsayin ƙaranci, tare da sharaɗin akwai alamomi. In duka biyun sun yi ƙasa, likita zai ƙara auna sinadaran LH da FSH da furolaktin, don ya gane ko matsalar daga maraina take ko daga sama. Na san gwajin yana da tsada, kuma ba kowane asibitin ƙaramar hukuma ke yin sa ba, sai an dangana da babban asibiti ko ɗakin gwaji na birni. Amma a lissafa abin da aka kashe a kwalabe cikin shekara guda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allurar testosteron da ake yi a kemis ba tare da gwaji ba, da wadda samari masu ɗaga ƙarfe ke yi wa juna. Idan sinadarin ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa kan ɗauka ya wadata, sai ta daina aika umarni. Maraina su kwanta, su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, a wasu ma su ɗauke ƙaf. Tasirin ya kai har Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar mako-mako a matsayin hanyar tazarar haihuwa ga maza, aka buga sakamakon a 1990. A yi tunanin ango da ya karɓi wannan allura don ya burge amarya. Shekara biyu babu ciki, dangi su fara gunaguni, a kai yarinya wurin masu magani, a yi mata wankin mahaifa, wataƙila a yi mata kishiya ko a sake ta, shi kuwa babu wanda ya ce ya kai maniyyinsa a duba. Garin neman gira an rasa ido. Bayan an daina allurar ƙwayoyin kan dawo, amma sai an yi watanni, wani lokaci fiye da shekara.

Wannan ba ya nufin maganin ba shi da amfani. Ga wanda aka tabbatar yana da cutar, yakan dawo da sha'awa, ya gyara jini, ya ƙara wa ƙashi kauri. Wani gwaji da aka buga a 2023, kan maza fiye da 5,000 masu ciwon zuciya ko haɗarin kamuwa da shi, ya nuna bai ƙara yawan bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, sai dai an ga ƙarin rikicewar bugawar zuciya da daskarewar jini a huhu. Yana kuma kaurara jini, shi ya sa ake auna mai shan sa lokaci-lokaci. Ba a ba wanda ke da sankarar furostet, wato halittar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ko sankarar nono. Wanda ke neman haihuwa kuwa akwai wasu magungunan daban da ke zuga maraina su yi aikin da kansu.

Ga uwargida: sanyin da kika gani daga maigida ba lalle ne ya zama wata ce a waje ba, ko abokiyar zama ta ɗaure miki shi. In kin lura gemunsa ya ragu, ko numfashinsa yana tsayawa cikin minshari, ko yana yawan tashi fitsari da dare yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, kin riƙe bayanin da likita ke bukata, wanda shi maigidan ba zai iya bayarwa ba. Ki zaɓi lokacin da babu yara, ki kawo zancen ta fuskar lafiyarsa gaba ɗaya.

Iyaye kuma su sa ido a kan 'ya'yansu maza. Jaririn da aka ga ɗan marainansa ɗaya ko duka biyu bai sauko cikin jakarsa ba har ya kai wata shida, a kai shi ga likitan tiyata, domin an fi son a gyara kafin ya wuce shekara ɗaya da rabi. Yaron da ya cika shekara 14 babu wata alamar balaga, sa'o'insa duk muryarsu ta buɗe shi yana nan da ta yara, ya cancanci a duba shi maimakon a riƙa yi masa ba'a a makaranta.

Shi kuma magidancin da ya yanke shawarar zuwa asibiti, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya tattara duk abin da yake sha, na kemis da na gargajiya da na tasha, ya zuba a leda ya tafi da su, har da wanda yake jin nauyin a gani. Ya faɗi tun yaushe abin ya fara, ko yana farkawa da miƙewar asuba, ko ya taɓa yin hangum yana babba, da kuma ko yana son ƙarin haihuwa. Ya roƙi a auna masa suga da hawan jini a wannan zuwan, ya kuma je da safe, cikinsa babu komai.